Tun Ran Gini Ran Zane: Harsunan Tamale da Binciken Haɗa Ƙwaƙwalwa da Kwamfuta

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan boko, malamai da ɗalibai, duk lokacin da aka tayar da zancen binciken da ake yi a duniya na haɗa ƙwaƙwalwar mutum da kwamfuta. Sai a ce wannan sha'ani ne na waɗanda suka ƙoshi, ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ɗaukewar wuta ba ta da ta cewa a ciki, a bari masu abin su gama, in ya nuna a sayo. Maganar ta yi kama da ta hankali, shi ya sa ba a cika tuhumarta ba. Amma kuskure ce, mai tsada kuwa. Na'urar da za a jona wa jikin mutum kamar riga take: a wurin tela ake yi mata awo, wanda kuwa ba ya nan ranar awo, rigar wani zai saka, ko ta yi masa ko ba ta yi ba.

Unguwar Gumani da ke arewacin birnin Tamale a ƙasar Gana ta isa a auna wannan magana da ita. A birnin akwai Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda aka fi sani da UDS, da aka kafa a 1992, tana kuma da makarantar horar da likitoci. Akwai Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, ya zo ya zama na uku a jerin asibitocin koyarwa na ƙasar bayan Korle Bu da Komfo Anokye. Mutumin Gumani yana iya kwana da Dagbanci a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya cike takarda da Ingilishi a ofis. Jami'a na nan, asibiti na nan, harsuna na nan. Abin da ya rage shi ne a daina ɗaukar cewa binciken na wasu ne.

Wane mutum ake nufi?

Fannin da ke nazarin yadda mutum ke mu'amala da kwamfuta yana da babban taro na shekara-shekara da ake kira CHI. A 2021 Sebastian Linxen da abokan aikinsa suka bi maƙalun da aka gabatar a taron daga 2016 zuwa 2020, suna duba daga ina mutanen da aka yi gwaji da su suka fito. Suka tarar kashi 73 cikin 100 na sakamakon an samo shi ne daga mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Ke nan fannin da ya sa "mutum" a cikin sunansa, da wani yanki ƙarami na mutane yake aiki, sannan ya yanke hukunci a kan kowa.

Kada a ɗauka wannan ƙorafi ne na kishi kawai. Yana da sakamako a gadon asibiti. Akwai 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna yawan iskar oksijin a jininsa, wadda ke aiki ta hanyar haska fata. A Disamban 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Michael Sjoding, suka nuna cewa na'urar takan ce lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa ƙwarai, kuma hakan ya faru ga kashi 11.7 cikin 100 na awon da aka yi wa baƙar fata, a kan kashi 3.6 na farar fata. An shafe shekaru ana amfani da ita a asibitocin duniya, har da na Afirka, kafin wannan ya fito fili sosai. Ba wanda ya ƙulla mugunta. Waɗanda aka gwada na'urar a jikinsu tun farko ne ba su yi kama da waɗanda aka zo aka saka wa ita ba. In haka ta faru ga abin da ake sa wa a yatsa, me ake tsammani ga abin da za a ɗora a ka?

Kai da gashinsa

Mafi daɗewa cikin na'urorin sauraren ƙwaƙwalwa ita ce wadda likitoci ke kira EEG. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar motsin wutar ƙwaƙwalwar mutum da ita a 1924, ya buga sakamakon a 1929. Yadda take aiki shi ne a manna wasu 'yan ƙananan ƙarafa a fatar kai, su riƙa ɗauko raunanan saƙonnin lantarki da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. A kanta aka gina tunanin sarrafa kwamfuta da ƙwaƙwalwa, wanda Jacques Vidal ya raɗa wa suna a Kalifoniya a 1973, da ita kuma Farwell da Donchin suka nuna a 1988 cewa mutum zai iya zaɓar haruffa a allo ba tare da ya motsa hannu ba.

Sharaɗin aikinta guda ne: ƙarfen ya taɓa fata. Gashi mai santsi yakan kwanta ya ba da hanya. Gashin baƙar fata mai kauri da murɗewa kuwa yakan ture ƙarfen sama, saƙon ya fito da hayaniya, ko ya ƙi fitowa. Abin da ɗakunan bincike da yawa suka riƙa yi shi ne mafi sauƙi: su ajiye sakamakon irin waɗannan mutane gefe, ko su ƙi ɗaukar su tun farko. Sai a 2020 wata ɗaliba baƙar fata a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne, tare da abokan aikinta, suka fito da mafita. Aka yi wa mutum kitso ta yadda tsagar za ta bi wuraren da ake son ɗora ƙarafan, aka ƙera wani ɗan maƙali da ke kama jikin kitson ya danna ƙarfen a fata. Suka kira shi Sevo.

A tsaya a dubi wannan da kyau. Kusan shekara ɗari na'urar ta yi a duniya kafin a warware matsalar, kuma maganin ya fito ne daga ilimin da kowace mai kitso a Gumani ko Zangon Tamale take da shi a yatsunta. Da a ce an yi wani ɓangare na binciken EEG a Tamale, ko Kano, ko Maradi, da matsalar ta bayyana a makon farko, don kuwa kowane kai da aka kawo irin wannan gashi ne da shi. Wanda ya ce a jira a gama, bai lura da cewa rashin zuwansa ne ya sa aikin ya ƙi gamuwa ba.

Harshe, inda gizo ke saƙa

Babban abin da fannin ke alfahari da shi a yau shi ne mayar wa wanda ya rasa magana maganarsa. A watan Agustan 2023 mujallar Nature ta buga sakamako biyu a rana ɗaya. A Jami'ar Stanford, wata mata da cutar jijiyoyi ta hana ta furuci ta samu kwamfuta na rubuta abin da take ƙoƙarin faɗa da saurin kalma 62 a minti ɗaya. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, ƙarƙashin Edward Chang, wata da shanyewar jiki ta raba da magana ta kai kalma 78 a minti. Wannan nasara ce ta gaske, ba mai hankalin da zai rena ta.

Sai dai ɗalibin harshe ya kamata ya leƙa cikin injin. Na'urar ba ta karanta tunani. Ƙarafan da aka dasa suna sauraren sashen ƙwaƙwalwar da ke ba leɓɓa da harshe da muƙamuƙi da maƙogwaro umarni. Manhaja ta farko takan ƙiyasta wace ƙwayar sauti mutum ke ƙoƙarin furtawa, daga cikin ƙwayoyin sauti 39 na Ingilishi. Manhaja ta biyu, wadda aka ciyar da ɗimbin rubutun Ingilishi, ita ke harhaɗa sautukan ta zaɓi kalmar da ta fi dacewa da wurin. Wato rabin aikin na likita da injiniya ne, ɗaya rabin na masanin harshe. Shi wannan rabi na biyu ba a sayo shi daga waje, domin babu shi a can.

A ɗauki Hausa. Jerin nan na 39 ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, ba shi da 'y, ba shi da ts irin ta "tsuntsu". Wanda bai bambanta "baki" da "baƙi" ba, ko "bari" da "ɓari", ya san girman ɓarnar. Wannan ma mai sauƙi ne, don rubutun boko yana nuna su. Mai wuyar shi ne abin da rubutun ya yi shiru a kansa, wato tsawon wasali da karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin gaɓar ƙarshe ne ya raba su. "Wuya" da ke riƙe da kai da "wuya" ta wahala, a takarda abu ɗaya ne.

Za a iya cewa ai muhallin magana zai warware wannan, kamar yadda mai karatu ke warwarewa. A sunaye, sau da yawa haka ne. Amma a Hausa kari ya shiga har cikin nahawu. "Ya tafi" da dogon wasali da karin sama labari ne, mutum ya riga ya tafi. "Ya tafi" da gajeren wasali da karin ƙasa umartau ne, ana cewa a bar shi ya tafi. Ga wanda ya fi wannan tsanani: majinyacin da ba ya iya motsi aka tambaye shi batun maganinsa, allo ya nuna "na sha". In da karin sama ne, shuɗaɗɗen lokaci ne, ya riga ya sha. In da faɗau ne, lokaci na gaba na biyu ne, bai sha ba tukuna, yana dai cewa zai sha. Baƙi ɗaya, wasali ɗaya, tsawo ɗaya, muhalli ɗaya. Kari kaɗai ya raba a ƙara masa magani da kada a ƙara. Manhajar da aka koyar da rubutun jaridu da na intanet, inda ba a sa alamar kari, ba ta da inda za ta koyi wannan bambanci.

Abin ba gagararre ba ne. Tun 2018 ɗakin binciken Chang ya nuna wurin da ke sarrafa hawa da saukar murya a ƙwaƙwalwa. A 2023 masu bincike a Asibitin Huashan na Jami'ar Fudan da ke Shanghai suka buga aikin da suka yi kan Sinanci, inda suka ware wa kari hanyarsa daban, gaɓa tata daban, sannan suka haɗa. Sinawa ba su jira Amurkawa su tuna da kari ba, domin sun san wanda harshensa ba ya bambanta kalma da kari ba shi da dalilin tunawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dagbanci ma harshe ne mai kari, haka mafi yawan harsunan arewacin Gana. Wa ake jira ya yi musu nasu?

Tamale ta ƙara wani ƙulli. Hausar Gana, wadda masana ke kira Gananci, ta bambanta da daidaitacciyar Hausa. Sanannen abu ne cewa ta yar da bambancin jinsin namiji da tamata a nahawu. Manhajar da aka horar da Hausar Kano kaɗai za ta riƙa yi wa Bahaushen Zango gyara, ta sa masa maganar da ba tasa ba a baki, shi kuwa ba shi da halin musu. Ga kuma surki, yadda ake tsallakawa daga Dagbanci zuwa Hausa zuwa Ingilishi a zance ɗaya. A 2024 ne aka buga sakamakon na'urar da ta iya bin mutum guda tsakanin Sifaniyanci da Ingilishi, aka yi ta murna da shi a matsayin sabon abu. A Gumani, harshe biyu shi ne mafi ƙaranci.

Yarda da mallakar bayanai

Kafin a ɗora wa mutum ƙarfe a ka, dole a gaya masa abin da za a yi, ya fahimta, ya yarda. Da wace kalma za a gaya masa? Bahaushe ba a ƙwaƙwalwa ya ajiye tunani ba. A zuciya yake saƙa magana, a ransa yake faɗa. Yana da hankali, yana da kurwa, kowanne da ma'anarsa da tsoron da ke tattare da shi. Tafintan da ya ce wa tsohuwa na'urar nan za ta "karanta abin da ke zuciyarki" ya yi mata ƙarya, ya kuma tsorata ta. Wanda ya ce mata "awo ne kawai" ya ɓoye mata cewa za a adana abin da aka ɗauka, wataƙila a tura shi wata ƙasa. Tsakanin waɗannan biyu akwai aikin ƙirƙirar kalmomi da gwada su a bakin jama'a, aikin da injiniya ba zai iya ba.

Ƙasar Hausa ta san kuɗin sakaci a nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, kuma jigon shari'ar da ta biyo baya shi ne ko iyayen sun san gwaji ake yi. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya shuka yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 da 2004. Yardar da ba a gina da harshen mutane ba, in ta rushe, ba ita kaɗai take faɗuwa ba.

Sai batun wanda ya mallaki abin da aka ɗauka. Ƙasar Chile ta yi wa tsarin mulkinta gyara a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwa, a Agustan 2023 kuma kotun ƙolinta ta umarci kamfanin Emotiv ya goge bayanan wani tsohon sanata, Guido Girardi, da aka tattara ta wata na'urar sawa a ka. Gana tana da dokar kare bayanai tun 2012, Nijeriya ta yi tata a 2023. Doka kuwa ba ta aiki sai da masana na gida da suka san abin da ake ɗauka da darajarsa. Yankin nan ya taɓa ganin yadda ilimi ke ƙaura. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausawa da ajami. Rubuce-rubucen suka tafi Turai, a can aka yi ta nazarinsu ana bugawa. Muryoyi da saƙonnin ƙwaƙwalwa sun fi takarda saurin tafiya.

Hujjar masu cewa a jira

Adalci ne a saurari mafi ƙarfin hujjarsu. Suna cewa dashen ƙarfe a ƙwaƙwalwa aiki ne mai ɗan karen tsada, mutane ƙalilan aka yi wa a duk duniya, likitocin jijiyoyi kuma sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Duk gaskiya ne. Ba wanda ke cewa a buɗe ɗakin dashe a Tamale gobe. Kuskurensu shi ne ɗaukar cewa fannin gaba ɗaya dashe ne, saboda shi kafofin labarai ke nunawa tun da kamfanin Neuralink ya yi wa mutum na farko a Janairun 2024.

Fasahar jijiyoyi da arewacin Gana ke bukata yau ita ce ta farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar da kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano cutar an ba su maganin da ya dace. Shirin yaƙi da farfaɗiya da Gana ta yi da hukumar daga 2012 zuwa 2016 a gundumomi 10 ya ɗaga yawan masu samun kulawa daga kimanin kashi 15 zuwa 38 cikin 100. Ƙungiyar BasicNeeds ta daɗe tana aiki da masu wannan cuta daga Tamale. EEG kuwa tana cikin manyan kayan tantance farfaɗiya. Ashe batun gashi da kitso, da batun kalmar da za a yi wa uwa bayani da ita don ta bar cewa iska ce, ba almarar gobe ba ce. Aikin yau ne, kuma shi ne tsanin da ake hawa zuwa na gobe.

Kammalawa

Abu uku ne a gaba, ba wanda ke bukatar biliyoyi. Na farko, taskar muryoyi ta Dagbanci da Gananci da sauran harsunan yankin, wadda aka rubuta da alamar kari da tsawon wasali. Hanyar yin alamar ba sabuwa ba ce, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi ta. UDS tana da abin da jami'o'i kaɗan ke da shi: zango na uku na kowace shekara, wanda ɗalibanta ke zuwa su zauna a ƙauyuka don aikin fili. Ɗalibin da ya je da waya da horo na mako biyu zai iya dawowa da awoyi na magana, da izinin masu ita. Masana kari suna nan a sassan harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo, masana Dagbanci suna Ajumako a ƙarƙashin Jami'ar Ilimi ta Winneba. 'Yan sa-kai na Tamale sun riga sun nuna ana iyawa, da suka tsayar da Wikipedia ta Dagbanci a 2021.

Na biyu, binciken EEG da aka tsara a kan kawunan mutanen yankin, a zauna da masu kitso da wanzamai a matsayin abokan shawara, a buga sakamakon don duniya ta koya. Na uku, kalmomin neman yarda da aka tantance cikin kowane harshe, da ƙa'idar cewa duk abin da aka ɗauka daga baki ko kan mutumin Tamale, kwafinsa na asali da ikon hukunci a kansa suna zama a Tamale.

Ɗalibin Hausa da ke zaune yana sa wa gaɓoɓi alamar sama da ƙasa da faɗau yakan ji kamar aikin cin jarrabawa kawai yake yi. Wannan alama ita ce za ta raba "na sha" da "na sha" a ranar da wani ba zai iya raba su da bakinsa ba. Ginin yana kan tashi, ƙasar tana da danshi. Tun ran gini ran zane.